Kuɗin raino a Kalifoniya: mai riƙe yara ce ke shan wahalar kwangila

Tun 1996 da Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta sauya tsarin tallafin talakawa a Amurka aka ce wa uwa mai karɓar tallafi ta fita neman aiki ko ta koma makaranta, in ta ƙi a rage mata kuɗi, kuma kuɗin tarayya ba ya wuce wata 60 a duk rayuwarta. Toh amma mace mai goyo ga ɗan shekara uku na jan zani, ba za ta kulle su a ɗaki ta tafi aiki ba ai. Dole wata ta riƙe mata su, ita kuma mai riƙon sai an biya ta. Wa zai biya, ta hannun wa, cikin kwana nawa, nan ne maganar take, kuma ba a cika yinta ba.

A jihar Kalifoniya shirin sunansa CalWORKs, ya fara aiki a 1998, kuɗin raino kuma an yi masa hawa uku. Hawa na farko yana hannun ofisoshin walwala na ƙananan hukumomi 58 na jihar, shi ne na uwar da ta shigo shirin yanzu-yanzu tana ta faɗi tashi. Na biyu da na uku na wadda ta fara tsayawa da ƙafarta ne ko ta daina karɓar tallafin, su da suna hannun ma'aikatar ilimi, a Yulin 2021 aka mayar da su ma'aikatar walwala ta jiha. Ƙaramar hukuma tana da zaɓi, ko ta biya masu raino da kanta ko ta ba da kwangila. Los Anjelas, wadda ta fi kowacce yawan jama'a, kwangila take bayarwa ga ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su Crystal Stairs da Child Care Resource Center, su ke duba takardun mai raino, su karɓi takardar da uwa da mai raino ke sa wa hannu duk wata, su yi lissafin awanni su tura kuɗi.

Ni dai ban ga laifin ba da kwangilar ba. Irin waɗannan ƙungiyoyi su ne dama ke biyan hawa na biyu da na uku, kenan iyali in suka haura ba sai an sake musu fayil daga farko ba, kuma sun san unguwanni, suna da ma'aikata masu jin Sifaniyanci da sauran harsunan baƙi.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda kwangila ke sa a rasa wanda za a kama. Mai rainon nan fa yawanci ba wani babban kamfani ba ce, mace ce da ta mai da falonta wajen yara, ko kaka, ko goggo, ko maƙwabciya, tana yin aikin wata guda cur da abincinta da wutarta da sabulunta kafin ta ga sisi. Dokar tarayya ta 2016 ta ce a biya ta cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓi cikakkiyar takarda, amma a wannan kalma ta "cikakkiya" ake kwana, sa hannu ɗaya ya ɓata ko uwa ta rubuta lokaci ba daidai ba sai a dawo da takarda lissafi ya koma farko, ta kira ƙungiya a ce izini daga ofishin walwala bai iso ba, ta kira ofishin walwala a ce ai mun ba da kwangila, mai gida kuma ranar 1 ga wata yake son kuɗin hayarsa ba ruwansa da wani sa hannu. In ta gaji ta ce ta daina, uwa ce za ta rasa aikin da aka matsa mata ta nema, ta koma layin tallafi. Wallahi an yi asarar duk abin da aka kafa shirin dominsa kenan.

Masu kare tulin takardun za su ce kuɗin gwamnati ne, dole a tsare shi daga masu cuta. Gaskiya ne, akwai masu rubuta yaran da ba su zo ba. Amma a duba inda aka yi babbar ɓarna. A jihar Misisipi bincike ya gano an karkatar da kusan dala miliyan 77 na kuɗin TANF, wato tallafin talakawa na tarayya da dokar 1996 ta kafa, da yawa ta hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu da aka ba kwangila, har aka zuba dala miliyan 5 a ginin filin ƙwallon raga na wata jami'a, shugaban ma'aikatar walwala na lokacin John Davis ya amsa laifi a 2022. Wannan ba kakar da ke riƙe jikoki ce ta yi ba. A sama aka yi, wajen masu sa hannu a kwangila, inda ido bai cika kaiwa ba.

Masu raino a Kalifoniya sun yi ƙoƙari kam, a 2019 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta ba su damar ciniki da gwamnati a ƙungiyance, suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyarsu a 2020, suka samu yarjejeniyar farko a 2021. Sai dai da jiha suke zama, kwangilar hawa na farko kuwa ƙaramar hukuma ce ke sa mata hannu. A Los Anjelas mutum biyar ne ke majalisar da ke riƙe da ƙaramar hukumar, zaɓaɓɓu ne kuma a bainar jama'a suke zama. Su ya kamata, kafin a sabunta kowace kwangila, su sa a buga kwana nawa kowace ƙungiya ke ɗauka kafin ta biya, takarda nawa ta mayar da dalilin mayarwa, da nawa ke tafiya a albashin ofis cikin kowace dala. Sannan a rubuta a jikin kwangilar cewa in kuskuren daga ofis ne, a biya mai raino tukuna, gyaran takarda ya biyo baya.