Kafin tarakta ta shiga gona, wa zai nuna mata itacen da za ta bari?

Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, manomin tudu a jihar Kebbi ba shi da aikin da ya wuce sassabe. A da gatari da adda ne ke yin sa, magidanci da 'ya'yansa su yi kwanaki suna saran sabara da kalgo da geza, suna tara ƙaya suna cinna mata wuta. Yanzu mai hali tarakta yake ɗauka haya, mai babbar gona kuma ya kira katafila, a share a wuni guda abin da gayya ba za ta gama a mako ba. Ban ga laifin wannan sauƙi ba, musamman a ƙasar Zuru, wajen Danko-Wasagu da Sakaba, inda rashin tsaro ya raba mutane da wasu gonakinsu har suka koma daji, ga shi kuma kuɗin ƙwadago ya yi tsada. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake sakin injin a gona ba tare da an tsaya an zaɓi abin da zai tafi da abin da zai tsaya ba.

Matsalar tana farawa ne daga ciniki. Yawanci a kan hekta ko a kan gona ake yanke wa mai tarakta kuɗi, don haka ribar direba tana cikin sauri, kuma kowane ɗan itace da zai kauce wa ɓata lokaci ne da ƙona mai. A wurinsa tohon gawo da tumfafiya duk ɗaya ne. Alhali manomin da ya san ƙasarsa ya san gawo na zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna barin taki. Haka ƙaramar kaɗanya ko ɗorawa da ta yi shekaru tana kafa saiwa a kudancin jihar, faifan haro ɗaya da tarakta ke ja ya isa ya gama da ita, bayan kuwa da man kaɗe da daddawa matan ƙauye da dama suke rufa wa kansu asiri.

Ta'adin katafila ya fi wannan, domin ba itace kaɗai take turewa ba. Idan direba ya dasa bakinta ƙasa, tana kankare fatar ƙasar nan ta sama mai duhu wadda ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi suka gina, ta tura ta gefe tare da kututture da ƙaya, a tara tsibi a ƙone. Abin da ya rage fili ne fes mai daɗin kallo, amma rairayi ne tsirara, kuma iskar da ke zuwa gaban hadarin farko a ƙananan hukumomin Arewa da Dandi ba ta jin kunyar irin wannan fili: tana kwashe shi, ta binne shukar da ta fara tsiro. Mai gona zai ga amfani ya ja baya bayan 'yan shekaru, ya ɗora laifin a kan tsadar takin zamani.

Makwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. A yankin Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su sare sauran, kuma an kiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar ba tare da dashe ba. Mu kuwa Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Great Green Wall na dasa itatuwa don tare hamada, tana kuma cikin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021. Abin mamaki ne a ce ana kashe kuɗi ana rainon dashe a leda, ana bin sa da ban ruwa da shinge saboda awaki, sannan a gonar da ke kusa injin yana tumɓuke itacen da ya riga ya kai saiwarsa ga danshi.

Ba kowace gona wannan magana ta shafa daidai ba. Fadamar shinkafa ta Argungu ko Suru tana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe don ruwa ya kwanta, kuma kututturen da aka bari a tsakiyar gona yana fasa taya ya karya faifai, wanda mai tarakta ke da gaskiya idan ya ƙi shiga saboda shi.

A gonar tudu dai, gyaran ba mai tsada ba ne. Mai gona ya zaga kafin ranar aiki, ya ɗaura tsumma ko ya shafa fenti a jikin duk itacen da yake so, a jere yadda tarakta za ta iya bi ta tsakani, a kuma sanya wannan cikin ciniki tun farko ko da za a ƙara wa direba wani abu. Wurin da sabara ta yi yawa a bari sai ƙasa ta ɗan jiƙa, lokacin da saiwa ke fitowa da sauƙi, a yi amfani da haƙoran ƙarfe masu tsefe saiwa su bar ƙasa a wurinta. Masu jan kututture da sarƙa kuma su sani cewa ɗaura ta a sama da ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya na iya sa tarakta ta tashi tsaye ta kifo kan direba, don haka a maƙala ta a ƙugiyar ja ta ƙasa. Hukumar raya aikin gona da karkara ta jihar Kebbi, KARDA, tana da malaman gona a ƙananan hukumomi, kuma duk taraktar gwamnati da za a bayar haya ana iya gindaya mata sharaɗin cewa sai malamin gona ya ga an yi wa itatuwa alama kafin a tayar da injin.