Ba kuɗi kaɗai ke korar likitocinmu ba, har da rashin barci

Jiya na kira ƙanena wajen ƙarfe goma na dare, yana amsa ni ina jin kukan yaro a bayansa, ashe tun shekaranjiya da safe bai koma gida ba. Likita ne a wani asibitin gunduma can gefen Marwa a Kamaru, su biyu ne kacal, ɗayan kuma ya tafi Yawunde neman a canza masa wajen aiki. Na ce auta ka ci abinci kuwa? Ya ce Yaya bari dai in gama da wannan yaron tukuna, jininsa ya yi ƙasa sosai. Damina kenan, zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara har wasu a tabarma ake sa musu ruwa.

Ni shekara tara ina aikin jinya a Faransa, kuma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai ba albashinsu ba ne. A nan likita in ya kwana a bakin aiki, doka ce ta ba shi hutun awa 11 kafin ya sake taɓa majinyaci, kuma dokar Tarayyar Turai ta ce in an yi lissafi kada aikin sati ya wuce awa 48. Ana karya ta, su ma suna kuka, amma dai akwai takardar da mutum zai ɗaga ya ce haƙƙina ne. Ƙanena fa? Yana sauka daga aikin kwana layin safe na jiransa, ya koma gida ya tarar da Baffa da maƙwabta a zaure kowa da takardar gwajinsa, kuma wa ya isa ya ce wa Baffa ya dawo gobe.

A 2017 likitocin Kamaru sun yi yajin aiki, a 2020 aka ɗaga shekarun ritayarsu zuwa 60. To madalla, amma wanda ke shirin tafiya yana ɗan shekara talatin da biyu me wannan ya tsinana masa?

Kuma kar a ɗauka nan ɗin aljanna ce. Likitocinmu da suka zo da digirin gida sai sun ci jarabawa mai wuya, kafin nan suna aikin da ya kai na kowa a kan kuɗin da bai kai ba, ranar Sallah suna asibiti, sunan ɗan ɗan'uwa sai dai a WhatsApp. Na san guda biyu, ɗaya ɗan Garwa ɗaya ɗan Kuseri, kullum zancensu gida. Da za a tura likita huɗu inda ake da biyu, a rubuta cewa wanda ya kwana sai ya huta, a biya kuɗin kwanan a kan lokaci, na tabbata da yawa ba za su fara neman biza ba.

Makon jiya auta ya tambaye ni yadda ake rajistar jarabawar nan. Har yanzu ban tura masa ba, saboda in ya taho mutum ɗaya zai rage wa garin nasu gaba ɗaya, shi ma ɗin ƙafarsa ɗaya na waje.