Sirrin gidan da ko mai fim ɗin bai sani ba

Wallahi na gaji da rainin hankalin masu shirya finafinan ban tsoro na yanzu. Ka sayi data, ka biya kuɗin manhaja, ka hana idonka barci na awa biyu, ka tashi ba ka san wa ya kashe wa ba. In ka yi magana a ce ai fim ɗin ne mai zurfi, kai ne ba ka gane ba.

Na baya-bayan nan da na kalla ya faro da kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Uwa ta rasu, 'yarta ta dawo kwashe kaya, ta tarar da ɗaki a kulle. Ta tsinci tsohon hoton iyali, an kankare fuskar wata yarinya da reza. Ta tambayi ƙanwar uwarta ko wace ce, matar ta ci gaba da ninke tufafi kamar ba da ita ake ba. Nan tsikar jikina ta tashi, don kowa ya san irin shirun da manya ke yi in an taɓo abin da suka binne.

Daga nan sai tufka da warwara. A nuna abu ya faru, a ce mafarki ne. Ta farka, ashe farkawar ma mafarki ce. A koma shekara talatin baya ba sanarwa, 'yar wasa ɗaya tana fitowa a matsayin uwa da 'ya, ba ka san zamanin da kake ciki ba. Fatalwar kuwa ba ta da doka. Yanzu ba ta iya ƙetare bakin ƙofa, anjima ga ta a cikin mota. Me take so? Fansa? A tono ƙasusuwanta a binne ta? A ambaci sunanta a cikin dangi? Ai tsoro daga sani yake zuwa. Sai na san abin da ke tayar da ita sannan gabana zai faɗi idan na ga yarinyar nan ta miƙa hannu za ta taɓa shi. In ban sani ba, me ya rage? Ƙarar da ake bugawa kwatsam a razana mutum. Wannan ko faɗuwar murfin tukunya yana yi.

Ga duhu. Suna daidaita launin hoton a ɗaki mai duhu, a kan allo mai tsada, sannan manhaja ta matse bidiyon don ya rage cin data, wuraren duhun su dunƙule su zama dabbare-dabbare. Na ƙure hasken allo, fuskata kawai nake gani. Sautin ma an haɗa shi ne don lasifika shida, maganar 'yan wasa tana fitowa ta lasifikar tsakiya. Da ya sauko kan lasifika biyu na talabijin ko waya, sai kiɗa ya danne magana. Daidai inda tsohuwar ta fara raɗa sirrin, na ƙara murya, sai aka buga wata ƙara da ta tashi mutanen gida. Fassarar ƙasan allo kuma ta rubuta wai ana raɗa. Na gode, ai na gani!

Abin da ya fi ƙona mini rai, fim na sirrin gida alkawari ɗaya ya ɗauka: za a faɗa maka abin da aka aikata, da wanda ya aikata, da wanda ya yi shiru. Wannan ya ƙare ba a san yarinyar hoton yayar wadda ta dawo kwashe kayan ce, ko uwarta, ko ita kanta ba. Na bi bidiyoyin masu fashin baƙi, kowa da nasa shaci-faɗin. Bayan sunaye sun gama wucewa sai aka nuna ƙofar ta sake buɗewa da kanta, wato mu tanadi kuɗin kashi na biyu. To su kalla da iyalansu.