Bindigar Oerlikon ba ƙirar Ingila ko Amurka ba ce

Da yawa idan suka ga bindigar kakkaɓo jiragen sama ta Oerlikon mai faɗin baki milimita 20 a kan ƙananan jiragen ruwan Ingila da Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, sai su ɗauka can aka ƙirƙiro ta. Sam ba haka ba ne. Bajamushe Reinhold Becker ne ya fara tsara ta. Da aka hana Jamus ƙera irinta bayan Yaƙin Duniya na Farko, aikin ya koma Suwizalan, kamfanin Oerlikon ya karɓe shi a 1924. Sai a 1940 aka kai zanenta Ingila. Mai harbi yakan cusa kafaɗunsa a jikinta, gwangwanin harsasai 60 a samanta, yana bin jirgin sama da ido. Abin da ya fi taɓa ni, wasu daga cikin jiragen Japan da yake harbi ma 'yar'uwarta suke ɗauke da ita.