Samari, ku daina gorin bauta, ku je ku karanta Dorugu

Jiya bayan la'asar a majalisar bakin layinmu wani ɗan jami'a ya buɗo labarin Dorugu a waya yana karanta wa abokansa, sai ɗaya ya kwashe da dariya wai labarin bawa za ka ishe mu da shi, ya nuna wani a cikinsu ya ce ai ga jikan bayi nan ku tambaye shi. Aka yi ta dariya har da tafawa, shi kuwa yaron ya sunkuyar da kai yana danne-dannen waya kamar bai ji ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ƙannena, kun ma san waye Dorugu? Bahaushe ne ɗan Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, yana ƙaramin yaro aka kama shi, aka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu har Kukawa, inda wani Bajamushe Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai Dorugu ya bi Barth, wani Bajamushen matafiyi, shi da Abbega, wani yaron da shi ma aka 'yanta, suka je har Tambutu, suka ratsa Sahara, 1855 suna Landan. A can Ingila ya zauna ya ba wani ɗan mishan Schön labarinsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Kuma a nan Kano ya ƙare rayuwarsa a 1912, yana koyarwa a makarantar Baturen nan Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Wanda kuke wa dariyar kenan, ku da ko Zariya sai an yi muku kwatance.

Daɗin labarin shi ne bakinsa ne, Hausarmu ce, ba wani ya zo ya faɗa mana yadda bauta take ba, kuma abin zai ba ka kunya don waɗanda suka kama shi ba daga teku suka zo ba, maƙwabta ne. Ga shi da lura, yadda ya kwatanta cin abincin Turawa a Ingila sai ka ce kana wurin. Amma ban ce ba shi da aibi ba. Yaro ne matashi lokacin da ya ba da shi, kuma ba shi ya riƙe alƙalami ba, Schön ne, wanda babbar buƙatarsa koyon Hausa don aikin mishan, shi ya sa tafiye-tafiye suka cinye labarin, zafin bautar kuma aka wuce shi da sauri. Rubutun Hausar ma sai ka daure. To wannan shi ne abin da ya kamata ku zauna ku yi musu a kai, ba gori ba.

Gorin nan fa shi ne ke ƙona min rai. A yi faɗa a filin ƙwallo, ɗan bayi. A zo binciken aure, yaro ga sallah ga sana'a, sai a koma gefe ana raɗa wai ai su cucanawa ne. A Facebook ma haka, mutum bai san sunan kakan kakansa ba amma ya haddace asalin wani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wa ya ba ka tabbacin naka kakan ba a ja shi da igiya ta kasuwar Kurmi ba? Duniya rawar 'yan mata ce. Kuma a garin nan Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, masu faɗa a ji, manyan 'ya'ya ma sai sun bi ta hannunsu. Da Abu Zarri ya yi wa wani gori da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) cewa ya yi akwai sauran jahiliyya a tare da shi, kun fi Abu Zarri ne? Ku da kuɗin data ma sai kun tatsi iyayenku, ga caca a waya har asuba, amma bakin gori kamar reza.

Ku dai ku gyara, ku riƙa karatu. A da idan yaro ya furta irin wannan a gaban dattijo, tun kafin ya rufe baki an kwaɗe shi, a kuma kai ƙara gidansu a ƙara masa. Dattawan unguwa sun san asalin kowa sarai, amma da shi suke shiga kabari. Yanzu dattijon ma sai ka tarar shi ke fara zancen a wajen ɗaurin aure.