Alhajin da Ya Gagari Jan Launi

Ni ne ma'ajin ƙungiyar unguwarmu, ba don na fi kowa iya lissafi ba, sai don ni kaɗai ke da kwamfutar tafi-da-gidanka. Duk wata magidanta 42 ke kawo kuɗin 'yan sintiri da na yashe kwata, ni kuma in shigar a Excel, manhajar lissafi.

Ana saura kwana biyu taro, shugaba ya ce in shafa wa sunayen masu taurin bashi jan launi, ko kunya za ta yi abin da roƙo ya kasa. Na farko a jerin wani Alhaji ne na ƙarshen layinmu, mai motoci biyu, ana binsa wata bakwai. Na ɗora linzami a kan sunansa, na danna Ctrl da 1 don in zaɓo launi. Allo ya yi fari fat, ɗan zoben nan ya yi ta juyi, sai Excel ta rufe kanta, ko sallama babu.

Na sake buɗewa, na sake dannawa. Haka dai. Na kashe kwamfutar na kunna, na hure maɓallan, har hotunan bikin ƙanina na goge wai ko nauyi ne ya yi mata yawa. A karo na biyar na fara jin tsikar jikina tana tashi.

Uwargida tana tsintar shinkafa a gefe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, ka rabu da mutumin nan. Tun da muke unguwar nan, ka taɓa ganin ko akuya ta ci shukar ƙofar gidansa?"

Na ce mata wannan camfi ne. Amma da ta shiga ɗaki sai da na yi addu'a na tofa wa allon.

Washegari na aika a kira mini ɗan yayata da ke karatun kwamfuta. Na rage murya na zayyana masa komai. Yaron nan bai ce uffan ba, ya matsar da linzami kan nawa sunan, ya danna. Excel ta sake sheƙawa barzahu.

"To, Kawu, ashe kai ma kana da layar."

Wallahi kwana guda cur ban yi tunanin gwada wani suna ba.

Ya riƙe Ctrl ya buɗe manhajar, wai ta haka take tashi tsurarta, ba tare da tarkacen da aka liƙa mata ba. Ta sake faɗuwa. Ya duba ko kwalliya ce ta yi yawa, don a cewarsa sai salon kwalliyar gidajen jadawalin ya kai iri 64,000 take cewa ta gaji. Nawa ko ashirin bai kai ba. Can sai ya ce, "Kawu, ina firintarka?"

Na nuna masa ita a lungu. Shekara biyu ke nan da mutuwarta, uwargida ta shimfiɗa mata ƙyalle tana jera filas a kai.

Ya ce ai direbanta ne ya lalace. Na ce ikon Allah, ni da nake mai gidan ko kwandasta ba ni da shi, firinta ce har da direba? Ya yi dariya ya bayyana mini: direba manhaja ce da ke haɗa kwamfuta da firinta, kuma Excel takan tuntuɓi firintar da aka naɗa a matsayin ta dindindin don ta auna yadda rubutu zai zauna a takarda. Tana sallama a gidan mamaciya, ba a amsa ba, shi ne take sumewa. Ya tuɓe marigayiyar daga sarauta, ya naɗa Microsoft Print to PDF, wata firinta ta cikin kwamfuta da ba ta buga takarda. Minti biyu bai yi ba.

Na shafa wa Alhaji ja, irin jan nan mai duhu, har da ƙara wa harufan kauri don haushi.

Da safen taro na je shagon buga takardu. Da na ji kuɗin mai launi, na tuna asusunmu, na ce a buga baƙi da fari kawai. Ban duba ba sai da aka raba a ƙofar masallaci. Duk inda na sa ja ya fito baƙi ƙirin, ba a ganin ko harafi ɗaya.

Alhaji ya gyara tabarau, ya bi takardar sama da ƙasa, ya ce, "Ma'aji, ban ga sunana a nan ba. Ashe dai na biya."