Injin da ya kori kawuna ba a Kano aka girke shi ba

Kwana biyu ina ganin ana ta cacar baki a nan kan wai na'ura za ta cinye ayyukan mutane. Ni dai abin da na gani a Bompai, unguwar masana'antu ta Kano, ya sha bamban.

Kawuna ya daɗe yana aiki a wata masaƙa. Ba ranar da aka sauke sabon inji aka ce masa ya tafi gida. Kasuwa ce ta fara kwanciya. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya naira, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, wutar lantarki sai an ga dama, baƙin mai kuma ya yi wuya. Aikin da ake yi ba dare ba rana ya koma na yini kawai, daga nan aka sallami su Kawu da cewa: "Malam, in kasuwa ta buɗe za mu neme ka."

Kasuwa ta buɗe kuwa, sai dai ba mu ta buɗe wa ba. Muna nan muna lallaɓa tsofaffin injina masu ƙoshiya, masaƙun Sin sun koma waɗanda iska ke harba musu zare, mutum guda yana tsaron injina da dama. Sin ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, a 2005 aka soke ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe ke fitarwa. Ku leƙa Kantin Kwari ku karanta bakin atamfofin.

A ganina haka abin yake tafiya: ana korar ma'aikaci lokacin da ciniki ya mutu, in ciniki ya dawo sai mai kamfani ya ɗauko kuɗin ya sayi inji. Shi ya sa ba a ganin hannun injin a korar.

Dubi shinkafa. Da aka rufe boda a 2019, kamfanonin casa suka yawaita a Kano, an samu aiki, ban musa ba. Amma tsintar tsakuwa da baƙin ƙwaya na'ura ce ke yi. Masu surfani ma sun san yadda keken kwamfuta ya yi da ɗinkin hannu (ni kaina rigar Sallata na kwamfuta ce, kada a ce na yi fuska biyu).

Ban ce a guji inji ba, wanda ya guje shi ma rufewa yake yi. A ba masana'antun Sharaɗa da Challawa wuta, a koya wa yaranmu gyaran waɗannan injina, don yanzu in allon na'ura ya ƙone sau da yawa sai an jira injiniya daga waje. Kawu kuwa yana nan a ƙofar gida yana sayar da goro, katin aikinsa na cikin akwati har yau.